Da muka bar jama'a su zaɓi abin da za a rataya

Bara, gab da azumi, mu huɗu muka yi karo-karo muka kama ɗaki a Balad, tsohuwar Jidda, ƙarƙashin tagogin katakon nan da ake kira rawashin. Tun da muka ga baje kolin fasahar Musulunci da aka yi a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda a 2023 muke son mu nuna aikin 'ya'yan Hausawan da aka haifa a nan: hotuna, huluna, da alluna masu zayyana irin na saukar karatu. Kaya suka fi ƙarfin bango, sai na ce a bar jama'a su zaɓa.

Na fara da ƙuri'ar WhatsApp, kowane aiki da sunan mai shi. Nan na yi kuskure. Kowa yana ganin wanda ke gaba, kowa yana ganin wanda ya zaɓi wa. Kafin la'asar, wani yaro mai dangi daga unguwar Karantina a Jidda har Shara Mansur a Makka ya wuce kowa. Ba laifinsa ba ne. Wa zai ga sunan ɗan ƙanwarsa ya tsallake?

Muka soke, muka ba da haƙuri. Wata ƙawata ta tuna mana da gidan tarihin Brooklyn a Amurka, inda a 2008 jama'a suka tace hotuna 389 ta intanet, ba sunan mai hoto, ba kuma wanda yake ganin makin da wani ya bayar. Muka bi sawunsu da Google Forms: lamba a madadin suna, jeri yana sauyawa ga kowane mutum, sannan fili ɗaya a ƙasa mai cewa "Me ya sa?"

Wannan filin ya fi ƙuri'ar amfani a wurina. A nan na gane cewa waya tana son launi mai ƙyalli. Faɗuwar rana a bakin teku ta kwashi ƙuri'u, allon zayyana kuwa, wanda aka yi makonni ana ja masa layi da alƙalamin kara, ya zama ɗan tabo a fuskar waya. 'Yan kaɗan da suka zaɓe shi su ne suka fi yin dogon rubutu. Don haka muka ware bango guda ga ayyukan da ƙuri'arsu ta yi ƙasa amma dalilansu suka yi nauyi, muka kuma faɗa wa kowa ƙarara cewa mu muka yanke wannan.

Tsofaffi fa? Yawancinsu ba sa cika fom. Gida-gida na bi da wayata. Wata Hajiya, wadda iyayenta suka ratsa Sudan a ƙafa suka hau jirgin ruwa a Suwakin, ta daɗe tana kallon hoton wata tsohuwar butar duma.

"'Yata, sa mini wannan. Irin ta babana ce."

"To, Hajiya. Ko za a ƙara wani?"

"A'a, ita kaɗai."

Ranar buɗewa, bayan tarawihi, jikanta ya turo ta a keke. Na kai ta gaban butar, na durƙusa na karanta mata maganarta da muka liƙa a ƙarƙashin hoton, da Hausa da Larabci. Ta ce in sake karantawa.