Makonni goma sha biyu kafin aikin ƙabar Inna

Ranar da likita ya ɗage aikin ƙabar cibiya da za a yi wa mahaifiyata, mun fito daga ofishinsa ranmu a ɓace, domin mun riga mun haɗa kuɗin aiki, ƙanwata ma ta karɓi hutu don zaman jinya. Abin da ya tsayar da komai shi ne gwajin jinin da ake kira HbA1c, wanda ya nuna kashi 10.2 cikin ɗari. Inna ta yi shekaru tana fama da ciwon suga, kuma a ganinta tunda tana shan magani ba ta fashi, magana ta ƙare.

Likitan ya yi mana bayanin da ya kamata a ce mun sani tun da daɗewa. Suga yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa ƙwayoyin nan kimanin kwana 120 suke yi a jiki, saboda haka gwajin yana tona yadda sugan jinin mutum ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce, ba a yi masa wayo da ƙauracewa tuwo na kwana biyu. A Ingila ƙa'idar ita ce ya sauko ƙasa da 8.5 kafin aikin da ba na gaggawa ba, ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka kuma ta fi son ƙasa da 8. Dalilin shi ne idan suga ya yi yawa, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta sukan yi rauni, ɗinki ya ƙi kamewa, wurin ya yi ruwa, ga shi kuma yankan da kansa yana ƙara tayar da suga. A aikin ƙaba akan saka wata raga don ta riƙe bangon ciki, kuma idan cuta ta kama ragar, wani lokaci sai an sake buɗe mutum an cire ta. Ya dai gargaɗe mu cewa idan kumburin ya taurare, ciwo ya tsananta, ko amai ya zo, mu kawo ta ko da tsakar dare ne, domin aikin gaggawa ba ya jiran suga.

Kuskuren da ya biyo baya shi ne ya sa nake wannan rubutu. Inna ta dawo gida ta yanke wa kanta hukuncin daina cin abinci, sai ruwan shuwaka da wata maƙwabciya ta yaba mata, da 'yar acca da daddare, alhali tana ci gaba da shan glibenclamide, maganin da ke tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ko an ci ko ba a ci ba. A rana ta uku, wajen la'asar, na same ta a kan darduma gumi ya jiƙa mata ɗankwali, hannunta na karkarwa, tana kallona kamar ba ta gane ni ba. Na'urar awon suga ta nuna 54, alhali duk abin da ya gaza 70 haɗari ne. Na dama suga cokali uku a ruwa na ba ta, bayan kamar minti goma sha biyar ta dawo hayyacinta, ta ce, “Wallahi so nake a yi aikin nan in huta.” Har yau idan na tuna yammacin nan gabana yakan faɗi.

Washegari muka koma asibiti, aka haɗa mu da jami'ar kula da abinci. Ba ta hana Inna tuwo ba. Ta ɗauko faranti ta ce, “Hajiya, rabin nan na ganye ne, rubu'i na wake ko kifi ko ƙwai ko nama, ragowar rubu'in ne na tuwo, kuma malmalar kada ta wuce dunƙulen hannunki.” Daga nan kwaɗon zogale da na rama suka zama na kullum a gidanmu, miyar kuɓewa da ta alayyahu suka ƙaru, tuwon ya ragu. Ta nace sosai kan wake da ƙwai da kifi, domin jikin da za a yanka yana buƙatar abin da zai gina sabuwar tsoka, kuma wanda ya shiga ɗakin tiyata a rame da yunwa ba ya saurin warkewa.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne karin kumallo. Inna ta saba da koko da ƙosai, a cika wa kokon suga, ko shayi mai kauri da burodi. Koko da kunu gari ne mai laushi da aka tace, yana shiga jini da sauri ko ba a zuba masa komai ba, kuma da idona na ga awon ya haura 250 awa biyu bayan ta sha. Da muka koma alale da dafaffen ƙwai, ko faten wake da ganye, sai ya riƙa tsayawa ƙasa da 180, iyakar da aka ba mu. Haka kuma muka gane cewa tuwon alkama da acca, da mutane ke ɗauka mai ciwon suga zai ci iya cikinsa, su ma sitaci ne, sai an auna. Zuma da dabino ma, duk da darajarsu a wurinmu, suga ne a cikin jini. Lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi kuwa fita suka yi daga gidan gaba ɗaya, har mu ma muka haƙura da su don kada ta riƙa gani.

Na sayi ɗan littafi ina rubuta awon safe kafin ta ci komai, da na bayan abinci, da abin da ta ci. Littafin ne ya nuna wa likita cewa abinci kaɗai bai isa ba, domin awon safe ya ƙi saukowa ƙasa da 130, sai ya sauya mata magani ya ƙara allurar insulin da daddare. Bayan kowane abinci kuma takan zaga tsakar gida na minti goma, jikokinta na biye da ita.

A mako na goma sha biyu gwajin ya nuna 7.8. Aka sa ta farko a jerin aikin safe don kada ta daɗe da yunwa, aka ce ta daina cin abinci awa shida kafin lokacin, ruwa zalla kuma har saura awa biyu, sannan aka rubuta mana maganin da za ta sha da wanda za ta bari a safiyar. Da aka fito da ita, ma'aikaciyar jinya ta soki yatsarta, na leƙa na ga 148. Ɗinkin ya kame ba tare da ya yi ruwa ba, littafin kuma yana nan kusa da gadonta, yanzu ita take karanto lambar, jikarta ta rubuta.