Abin da Na Koya Daga Fina-finan Suwidin Biyu a Kan Haihuwa

A karatun tsara labarin fim, babu aikin da ya amfane ni kamar kwatanta wasu tsofaffin fina-finan Suwidin guda biyu, waɗanda kowannensu ya tara mata uku masu juna biyu a asibitin haihuwa, amma suka bi hanyoyi daban wajen nuna rayuwarsu.

Na farko shi ne Nära livet na 1958, wanda Ingmar Bergman ya ba da umarni, marubuciya Ulla Isaksson kuma ta rubuta labarinsa. Ɗaya daga cikin matan ta yi ɓari alhali aurenta na tangal-tangal, ta biyu tana ɗokin haihuwa amma jaririnta bai zo da rai ba, ta uku kuwa budurwa ce da ba ta son cikin da take ɗauke da shi. Bergman bai fitar da mai kallo daga asibitin ba, mazan ma sai dai su shigo dubiya su fita. A nan na gane cewa idan aka taƙaita wuri, dole nauyin labari ya koma kan fuska, domin kyamara kan tsaya a kan mace har sai an ga abin da bakinta ya ƙi faɗa. Ba banza ba 'yan wasa mata huɗu na fim ɗin suka raba kyauta ɗaya a bikin Cannes na Faransa a shekarar.

Na biyu, Älskande par na 1964, shi ne dogon fim na farko da Mai Zetterling ta ba da umarni bayan ta daɗe tana fitowa a matsayin 'yar wasa, kuma daga littattafan Agnes von Krusenstjerna aka ɗauko shi. Zetterling ba ta yarda ta tsaya a bakin gadon asibiti ba. Ta riƙa komawa baya zuwa ƙuruciyar kowace mace, tana nuna yadda gata, talauci da ikon maza suka kai ta inda take kwance.

A ganina, Bergman ya fi iya nuna zafin da mace ke ji, amma Zetterling ce ta tambayi wanda ya jawo shi, kuma tambayarta ta fi wahalar amsawa a rubuce. Tun daga lokacin, kafin in sa wa mace kuka a labari, sai na fara rubuta wanda ke riƙe da kuɗin gidan da wanda ya yanke shawarar aurenta.