Minti biyar na farkon fim ɗin soyayyar matasa: yadda ake nazarinsu

Abu na farko da karatun fim ya koya mini shi ne, ba da labari daban, nazari daban. Ka ba ɗalibi a Ringim ko Ɗambatta farkon fim ɗin soyayyar 'yan sakandare ka ce ya yi sharhi, sai ya rubuto maka cewa yarinya ta fito daga aji, yaro ya gan ta, ya kamu. Wannan ai kowa a gidan kallo ya gani. Aikin mai nazari shi ne ya nuna dabarar da ta sa muka san yaron ya kamu tun bai buɗe baki ba.

Ba sai da kwamfuta ba. Waya da fim ɗin da aka tura maka a shagon caji sun isa. Ka kalli minti biyar ɗin sau uku: yadda aka saba, sannan ka kashe sauti, sannan ka kifa wayar ka saurara kawai. A kallo na biyu ka rage gudu zuwa rabi a manhajar kunna bidiyo ta VLC, ka raba shafin littafinka gida huɗu, wato lokaci, girman hoto, motsin kyamara da sauti. Duk inda aka yanka hoto, ka sauka sabon layi. Abin da ke tsakanin yanka da yanka shi ne ɗauka ɗaya. Idan ka samu ɗauka 60 a daƙiƙa 300, kowace ta ci kusan daƙiƙa biyar ke nan. Sai ka nemi wadda ta zarce haka sosai. Galibi fuskar mai labarin ce, don darakta ba ya ɓata daƙiƙa goma a kan wanda bai dame shi ba.

Inda aikin yake shi ne kallon farko da yaron ya yi wa yarinyar. Ana gina shi da hoto uku: fuskar yaron yana duban wani abu, abin da yake duba, sai a dawo kan fuskarsa. Mai shirya fim Lev Kuleshov ya gwada wannan a Rasha wajen 1920, inda ya haɗa fuska ɗaya da kwanon miya, da akwatin gawa, da mace, masu kallo suka riƙa ganin yunwa, baƙin ciki da so a fuskar da ba ta sauya ba. A finafinanmu wannan dabara ta fi ɗaukar nauyi, tunda jarumi ba ya taɓa jaruma. Ido da tazara da yankan hoto su ke yin komai.

Shi ya sa kuskuren tsallake layin da ke tsakanin jarumai yake kashe fitowa. Ka ɗauka akwai igiya tsakanin yaron da yarinyar, dole kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na igiyar. Idan shi yana duban dama a allo, ita ta dubi hagu. Abin da ke faruwa a lokeshin ƙauye shi ne, rana ta dami mai ɗaukar hoto, sai ya zagaya ɗaya gefen don ya ba ranar baya. Da an haɗa hotunan, su biyun suna duban waje guda kamar akwai mutum na uku da ya shigo. Mai kallo ba zai iya faɗin laifin ba, amma zai ji soyayyar ba ta kama ba.

Haske ma yana tona asiri. Ranar tsaka tana zuba inuwa a ramin ido, farin hijabin makaranta kuma yana yaudarar kyamara ta rage haske har fuska ta dusashe. Idan ka ga fuskar yarinya ta fito tas da ɗigon haske a ƙwayar idonta, to da hantsi ko bayan la'asar aka ɗauka, ko an tara mata farin kwali daga ƙasa. Haka tafiyar nan ta a hankali da ake sa wa jaruma: wadda aka ɗauka da hoto 50 a daƙiƙa aka kunna a 25 tana tafiya sumul, wadda kuwa aka ja a wajen tacewa tana tsalle-tsalle.

A kallo na uku ka raba sautin da 'yan wasa ke ji da wanda mu kaɗai muke ji. Ƙararrawar makaranta da hayaniyar ɗalibai nasu ne, kiɗa namu ne. Lura da daƙiƙar da hayaniya ta ɗauke. Sau da yawa kiɗan yana riga fuskar yarinyar shigowa.

Wajen rubutawa, kowace jimla ta ɗauki lokaci, dabara da tasirinta: a minti 2 da daƙiƙa 14 an matso da kyamara kan idonsa, hayaniya ta ɗauke, sai muka koma gani da idonsa. Amma kada ka ɗora wa kowane launi ma'ana. Jan gyale wani lokacin shi kawai jarumar ta zo da shi. Ka duba ko launin ya sake dawowa a wata fitowa mai nauyi kafin ka sa shi a sharhinka.