Asusun da kuɗin ya kwana a ciki shi ya karya haɗin gwiwarmu da ƙaramar hukuma

Duk lokacin da na ji ana shelar cewa wata ƙaramar hukuma ta haɗa hannu da 'yan kasuwa don bunƙasa tattalin arzikin yanki, ba na tambayar girman aikin. Ina tambaya ne a wane asusu kuɗin zai kwana, kuma su wa za su sa hannu kafin ya fita. Na riƙe sakatare a irin wannan kwamiti, kuma rashin amsa wannan tambaya a rubuce shi ya cinye mana fiye da shekara guda, ya kuma cinye rabin amanar mutane.

Aikin bai da wani sarƙaƙiya. Filin lodi ne da sito na haɗaka ga masu ƙananan masana'antu da dillalai, da guntun hanya mai haɗa filin da babban titi, da magudanar ruwa, da taransifoma. Hukuma ta ɗauki fili, izinin gini, hanya da magudana. 'Yan kasuwa suka ɗauki ginin sito da jawo wuta, ta hanyar ƙarin wani kaso a kan kuɗin lasisin da suke biya duk shekara. Taruka, zanen gini da zaɓen ɗan kwangila duk sun tafi lami lafiya, babu abin faɗa a kansu.

Matsalar layi ɗaya ce a yarjejeniyar fahimtar juna: ofishin tara kuɗin shiga zai karɓi ƙarin, hukuma ta riƙe shi a madadin kwamiti. Ba a ambaci sunan asusu ba, ba a ce ranar da za a miƙa kuɗin ba.

Ba wa hukuma aikin karɓa daidai ne, har gobe haka zan ba da shawara. Ita ke da jerin masu lasisi, ita ke da rasit, ita ke da ikon tilasta wa wanda ya ƙi biya. Karo-karo na ganin dama ba ya ɗorewa, domin kullum akwai masu jira wasu su biya su kuma su ci moriya. Wannan ne ya sa 'yan kasuwar Bloor West Village a Toronto suka nemi hukumar birnin ta ɗora wa kowa kuɗin dole, har aka kafa irin wannan tsari na farko a 1970. Karɓa daban, riƙewa daban, mu kuwa sai muka haɗe su.

Ga yadda abin ke faruwa. Kuɗin da ya shiga ta ofishin haraji yana faɗawa babban asusun hukuma ne, tare da duk sauran kuɗin shiga. Daga nan ya daina zama na 'yan kasuwa, ya zama kuɗin gwamnati. Kamar ka juye bokitin ruwanka a kogi ne, ka dawo kana neman a ɗebo maka naka. Ma'aji ba shi da ikon fitar da ko kwabo sai akwai gurbin wannan aiki a kasafin da majalisar kansiloli ta amince da shi, namu kuwa an ƙulla shi ne bayan an riga an zartar da kasafin shekarar. Aka ce a jira ƙaramin kasafi na cike giɓi. Da ya zo, aka sa gurbin, amma samun gurbi a takarda ba shi ne samun kuɗi a hannu ba. Idan kuɗi ya yi ƙaranci albashi ake fara biya, sai basussuka, sai ayyukan da aka ga dama. Muna cikin layi shekarar kuɗi ta ƙare, izinin kashe abin da ba a kashe ba ya faɗi, sai an sake sa shi a sabon kasafi. Kafin nan zaɓe ya zo.

Babu wanda ya saci kuɗin, wannan ne ma abin haushin. Kowane rasit yana nan, odita ya duba bai ga aibu ba. Ma'ajin da 'yan kasuwa suka riƙa zagi doka ya bi.

Sabon shugabanci ya nemi ƙudurin majalisa da ya amince da yarjejeniyar, aka duba bayanan zama babu. Tsohon shugaba ne kaɗai ya sa hannu a gaban 'yan jarida. Lauyan hukuma ya ce takardar fahimtar juna bayyana niyya ce, ba ta ɗaure kowa. Da kuɗin yana wani asusu na daban, da wannan magana ba ta dame mu ba, mu ci gaba da gini suna muhawararsu. Amma yana hannunsu.

A wurin aiki kuwa, ɗan kwangila ya kai gini linta da kuɗin somin-taɓi da wasu manyan 'yan kasuwa suka ranta, ya tsaya jiran biya na biyu. Gini babu rufi ya sha ruwan sama, buhunan siminti da aka tara a wurin suka daskare suka zama dutse, rodin da aka bari a waje ya yi tsatsa. Da ya dawo sai ya kawo takardar neman ƙarin farashi, kuma yana da gaskiya, domin kwangilar ta ba shi dama idan jinkirin daga mai aiki ne. A shekara ta biyu yawancin masu shaguna suka biya lasisi suka ƙi biyan ƙarin. Wani dattijo mai injin niƙa ya ajiye rasit ɗinsa a kan teburina ya ce, "Malam sakatare, nuna min bulo ɗaya da wannan takarda ta saya." Ban da amsa.

Da aka koma teburin sulhu, abin da muka dage a kai shi ne asusu na musamman da sunan aikin, wanda majalisa ta kafa da ƙuduri, aka rubuta lambar ƙudurin da ranar zaman a shafin farko na sabuwar yarjejeniya. Masu sa hannu rukuni biyu, ɓangaren hukuma da ɓangaren 'yan kasuwa, kuma kuɗi ba ya fita sai da hannu ɗaya daga kowane rukuni. Ofishin haraji yana karɓa da rasit mai launi daban, ya juya abin da ya tara cikin kwana 14 bayan ƙarshen wata, tare da jerin sunayen waɗanda suka biya. Ladan karɓa da hukuma ke cira an ƙayyade shi a rubuce. An kuma rubuta ƙarara cewa ragowar kuɗi a ƙarshen shekara yana zama a asusun. Wannan ba sabon abu ba ne. Dokar ƙananan hukumomi ta 2003 a Ingila ta wajabta wa hukuma ware asusu na daban don irin wannan kuɗi, kuma ba a ɗora shi sai 'yan kasuwa sun kaɗa ƙuri'a an sami rinjaye ta fuska biyu, yawan masu ƙuri'a da darajar wuraren kasuwancinsu, wa'adin kuma ba ya wuce shekara 5. A fara tambayar ma'aji ko dokokin kuɗi na wurinku sun yarda da irin wannan asusu. Idan ba su yarda ba, a yi rajistar kamfani ko amintattu su riƙe kuɗin, hukuma ta zama mai karɓa kawai.

Wani abin da ya biyo baya shi ne rubuta ayyukan da hukuma ke yi tun asali a yankin: kwashe shara sau nawa a mako, yashe magudana, gyaran fitilun titi. Idan ba a rubuta ba, da zarar asusu ya cika sai hukuma ta janye hannu a hankali, kuɗin 'yan kasuwa ya koma biyan abin da harajinsu ya riga ya biya.

Kada kuma a jingina aiki da wani tsari na gwamnati don ana ganin ya kafu. Ingila ta kafa ƙawancen ƙananan hukumomi da 'yan kasuwa na yankuna a 2011, suka kai 38, sannan gwamnati ta janye tallafinsu daga Afrilun 2024 ta mayar da ayyukan ga hukumomi. Shi ya sa muka nemi filin ya zama haya mai rajista da sunan amintattu, ba wasiƙar rabon fili ba, wadda banki ma ya ƙi karɓa jingina.

Mun kuma juya tsarin biya. Yanzu kowane ɓangare yana sakin nasa ne mataki-mataki: hukuma ta gama magudana injiniya ya tabbatar, sannan a fitar da kuɗin rufi, ta zuba hanya, sannan a biya taransifoma. Kuɗin shekarar farko kuwa har yanzu ana mayar da shi asusun kashi-kashi, kuma ƙarin farashin ɗan kwangila daga aljihun 'yan kasuwa ya fito.