Hannun da ya danna mana katakon lilo

A duk kayan da ake jerawa a filin ajiliti, wato wasan da kare ke bi ta kan shingaye da sauran cikas a guje mai shi yana nuna masa hanya, katakon lilo kaɗai ne yake motsi a ƙarƙashin ƙafar kare. Shingen tsalle a tsaye yake, bututu a kwance, doguwar gada da tudun nan mai siffar A duk a kafe suke. Shi kuwa wannan, kare zai hau shi a guje, da ya wuce tsakiya sai ya ji abin da ya taka yana sulalewa ƙasa da shi, ya sauko daga tsayin da ya haura mita 1, ya bugi ƙasa da ƙara. Kuma ana so ya yi hakan da ɗoki, ba da ɗar-ɗar ba. Karyata Walƙiya ta kai wannan matsayi. Sai wani mutum ya miƙa hannu ya danna mata katakon, kuma har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

A kusa da Birmingham a Ingila nake zaune, inda ake yin baje kolin karnuka na Crufts duk shekara, a can na fara ganin wasan da idona. A Crufts ɗin ma aka fara nuna shi a 1978, lokacin ana yin taron a Landan, don a ɗebe wa 'yan kallo kewa, aka kwaikwayi gasar tsallen dawakai. Na tashi a gidan da ake kiwon karnukan farauta, saboda haka kare mai aiki ba baƙona ba ne. Amma Walƙiya ba irin waɗancan ba ce. 'Yar ƙarama ce irin ta tsibiran Shetland, nauyinta bai cika kilo 8 ba, kunnenta kuma ko cokali ya faɗi a kicin sai ta ɗago kai.

Wannan rashin nauyin shi ne tushen komai. Tsawon katakon mita 3.66 ne, faɗinsa wajen santimita 30, ginshiƙin da yake juyawa a kai kuma wajen santimita 60 daga ƙasa. A ƙa'ida, in aka ɗora nauyin kilo 1 a tsakiyar sashen da aka yi wa launi daban a ƙarshen katakon da ke sama, ya kamata ya taɓa ƙasa tsakanin daƙiƙa 2 zuwa 3. An sa wannan ne saboda ƙananan karnuka. Duk da haka, babban kare mai kilo 20 da ya ɗan gota tsakiya katako ya fara bin sa. Irin su Walƙiya kuwa sai sun tafi can bakin ƙarshe, inda ya fi tsayi, inda kuma faɗuwar ta fi nisa, su tsaya su jira ya sauko da su. Wadda ta fi kowa ƙanƙanta ita ake nema ta fi kowa ƙarfin hali. In ta dira kafin katako ya taɓa ƙasa, alƙali ya ɗaga hannu, an ci ta maki 5.

Farkon koyon bai ba mu wahala ba. Faifan katako mai rawa a falo, sai wasan buga ƙarshen katako da ƙafa, sai ƙaramin ginshiƙi da ake ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ban kai ta cikakken tsayi ba sai da gaɓoɓinta suka yi ƙwari, tunda ko gasa ba a shiga a nan sai kare ya cika wata 18. A filin kulob ɗinmu, a kan ciyawa, a kan tsohon katakonmu mai nauyi da ke saukowa a hankali, Walƙiya tana tafiya har ƙarshe ba waiwaye.

Abin ya faru ne a wata rumfa da ake haya don atisaye, inda mutane daga kulob daban-daban suke haɗuwa kowa ya biya ya yi zagayensa. Lilon wurin na alminiyom ne mai shimfiɗar roba, ya fi namu sauƙin juyawa, ƙasan wurin kuma da tauri. Na san baƙon abu ne a gare ta, don haka na tsaya daf da ƙarshen da niyyar in tare shi in sauke mata a hankali. Ta hau da gudunta, ta zo tsakiya ta ji ya motsa tun kafin inda ta saba, sai ta tsaya. Tsayuwa ce ta tunani, wadda ba ta wuce ƙiftawar ido biyu ba. Kunnuwanta a gaba suke, wutsiyarta ba ta shige tsakanin ƙafafu ba. Da an bar ta da ta ƙarasa da kanta.

Wani dattijo da ke tsaye a ɗaya gefen, wanda ya fi ni daɗewa a wasan nesa ba kusa ba, sai ya kama bakin katakon ya danna shi ƙasa da ƙarfi. Ya bugi ƙasa, ƙarar ta cika rumfar, ya sake tashi sama saboda ba nauyin da zai danne shi, ya wurgar da ita gefe. Ta faɗi a kan kafaɗa, ta tashi ta yi waje. Na same ta a ƙarƙashin mota tana kyarma.

Da na dawo ya ce mini, "Yi haƙuri, na ga tana shakka ne, na ce bari in nuna mata ba komai." Na san ba mugunta ya nufa ba. Amma bai tambaye ni ba, ba karensa ba ce, kuma abin da ya nuna mata shi ne akwai komai.

Likitan dabbobi ya duba ta ya ce ba karaya ba targaɗe, ta huta kawai. Ɓarnar tana wani wurin. Da muka koma filinmu, katakon da ta sani tun tana 'yar kwikwiya ta ƙi ko kallonsa. In wani kare ya buga shi daga can nesa sai ta lafe a bayan ƙafata. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne doguwar gada, wadda ba ta motsi ko kaɗan, ita ma ta ƙi hawa. Sai da na durƙusa na kalli abubuwan biyu daga tsayin idonta na gane: daga ƙasa duk siririn katako ne mai hawa sama, mai launi daban a farkonsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga shi kuma abin ya zo daf da 5 ga Nuwamba, daren da Ingila ke cika da wasan wuta da tartsatsi, wanda a da ba ya damunta sosai. A wannan shekarar a banɗaki ta kwana tana haki.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Wasu suka ce in mayar da ita kan katakon nan take kafin tsoron ya zauna. Wasu suka ce in sa mata igiya in ja ta a hankali, wasu kuma in jera hanta a kan katakon tun daga ƙasa har sama ta bi. Duk na ƙi, kuma na gode Allah da na ƙi. Igiya dai hannun dattijon nan ne a wata siffar. Jera abinci kuwa yaudara ce: kwaɗayi zai kai ta tsakiya ba ta lura ba, katako ya motsa, ta sake jin an yi mata ba-zata, daga nan ko hantar ma ta daina yarda da ita.

Malamarmu ta kulob ce ta faɗi abin da ya kama hankalina. Ta ce ba tsayi Walƙiya take tsoro ba, ba kuma ƙarar kanta ba, tunda ta daɗe tana jin ta. A da ta san ita ce take sa katako ya faɗi. Yanzu ta koyi cewa yana iya faɗuwa ba da saninta ba. Wannan za a gyara, sauran duk za su biyo baya.

Saboda haka muka bar fili gaba ɗaya muka koma kicin. Na koya mata ta tura ƙofar kabad da hanci ta rufe. Ta tura, ya yi ƙas, ta sami hanta. Daga nan murfin tukunya a kan tawul, ta taka ya yi ƙara. Daga baya na cire tawul ɗin. Sai tiren gashi, sai gwangwanaye da aka jera ta ture su. Dokar ɗaya ce, kuma na kafa ta a gidan har ga yara: ba wanda zai yi ƙarar sai ita. In ta matsa baya a bar ta. In ta bar ɗakin an tashi ke nan, ba kira, ba lallashi. Ranar da ta ture gwangwanayen da ƙafa ta juyo tana kallona tana jiran ladanta, na san hanya ta buɗe.

Komawa kan katakon ya cinye mana lokacin sanyi kaf. Muka tokare ƙarshen hawa da tebur, yadda ɗaya ƙarshen zai rage tazarar yatsu biyu daga ƙasa, muka shimfiɗa tsohon bargo a ƙarƙashi. Aikinta ta zo daga gefe ta taka shi ya sauka. Shi ke nan. Da ta fara yi da zumuɗi aka ƙara tazarar, aka linke bargon ya ragu, daga baya aka janye shi. A wani zaman kuma mu sa tebur a ƙarƙashin kowane ƙarshe, ta ruga daga wannan zuwa wancan, katakon ya ɗan girgiza kawai. Ladan kullum a can bakin ƙarshe ake ba ta, a ƙasa-ƙasa, don ta saba da tafiya har can ta sunkuyar da jiki ta mayar da nauyi baya. Gadar kuwa da kanta ta koma hawa bayan mun sauke ta ƙasa na ɗan lokaci, na kuma canza kalmar da nake kiran kowanne da ita yadda ba za su yi kama a kunnenta ba, in faɗa da wuri tun kafin ta iso.

'Yata ce take riƙe mini katakon a matakin da ake sauke shi da hannu, ita ce kuma ta lura da abin da ya wuce ni. Ta ce, "Baba, idan na riƙe sosai kallon hannuna take yi, ba ta kallon gaba." Gaskiya ta faɗa. Ko tarewar da ake yi don tausayi, in ta daɗe, tana koya wa kare cewa saukar katako a hannun mutum take. Muka koma tana sassauta shi a ƙarshen faɗuwa kawai, muka yi saurin janye hannun baki ɗaya, muka bar tebur da bargo su yi aikin. Su ba sa canza ra'ayi a tsakiyar hanya.

Akwai gyara ɗaya da ya fito kai tsaye daga faɗuwar nan. Da yawa suna koya wa kare ya tsaya da ƙafafun gaba a ƙasa, na baya a kan katako. Ga babban kare wannan daidai ne. Ga mai kilo 8, katakon da ya bugi ƙasa ya yi tsalle yana iya ɗaga bayanta sama. Na mayar da ita tsayuwa da ƙafa huɗu a kan katako har sai ya natsu, sannan in sallame ta. Muna asarar ɗan lokaci a nan, na kuma yarda da asarar.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya fara yanzu shi ne, kare bai iya lilo ba don ya iya na kulob ɗinsu. Na katako da na alminiyom ba ɗaya ba ne, ciyawa da yashi da daɓe kowanne da irin ƙararsa da irin tsallen da yake sa katako ya yi, wani an danne ƙafafunsa da buhunan yashi, wani yana rawa. Duk baƙon lilo da muka samu yanzu, sai na fara danna shi da hannuna ba tare da ita ba in ji yadda yake saukowa, sannan ta yi wasan bugawa a ƙarshensa, sannan ta hau. A ranar gasa ba a ba ka wannan damar, shi ya sa muka daɗe muna shiga ajin tsalle kaɗai, wanda babu lilo babu gada a cikinsa, har sai da ta ga iri-iri a wajen atisaye.

Kuma in kare ya tsaya a tsakiyar katako, a bar shi ya tsaya. Wannan tsayuwar ba matsala ba ce da ke jiran wani ya warware. Yana auna inda nauyinsa yake ne, yana gano wa kansa inda abin ke juyawa. Dattijon nan ya ga daƙiƙa guda ta shakka ya kasa haƙuri da ita, mu kuma muka biya da watanni.

Walƙiya ta koma gasa. A fili a kan ciyawa tana zuwa har ƙarshe kamar da, ranar da ta fara yin zagaye ba kuskure da lilo a ciki sai da na zauna a ƙasa don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. A cikin rumfa kuwa har yanzu tana rage gudu kafin tsakiya, musamman in rufin kwano ne mai amsa amo, a kan wannan muke aiki yanzu. Duk wurin atisayen da muka shiga, kafin in kwance mata igiya sai na ɗaga murya na gaya wa duk wanda ke tsaye kusa cewa ko ta tsaya, ko ta juya, ko ta sauka, kada kowa ya taɓa katakon.