Kyamarar da Ba Ta Samun Barci

Sau uku na je gidan wani Alhaji a Hotoro saboda kyamara guda ɗaya. Ta ƙofar gida ce, irin mara wayar nan mai batir a cikinta, wadda ake haɗawa da waifai a riƙa kallo ta wayar hannu. A jikin kwalinta an rubuta cewa caji ɗaya zai kai watanni, amma a gidan nan ko kwana goma ba ta yi. Zuwan farko na sauke ta, na yi mata caji, na mayar. Zuwa na biyu na ce batir ne ya mutu, na sa sabo. Da aka sake kirana, Alhaji bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Injiniya, ni fa don hankalina ya kwanta na sayi abin nan, ga shi yanzu kullum da tunaninta nake kwana." Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ya faɗa, kuma kuɗin batirin da na sa ya kashe bai magance komai ba.

Ran nan ban yi saurin kafa tsani ba. Benci na samu kusa da maigadi na zauna, muka gaisa, na ce, "Baba, kai da kake wuni a nan, me kake gani game da ita?" Ya ce, "Yaro, ai 'yar fitilar nan tata ba ta hutawa. Adaidaita ta wuce ta ƙyafta, akuya ta wuce ta ƙyafta, masu tura ruwa ma ba ta barin su." Na karɓi wayar Alhaji na buɗe manhajar, sai ga hotunan bidiyo jere sun haura ɗari biyu a wuni ɗaya, kuma da ƙyar ka ga goma da suka shafi gidan. Sauran duk zirga-zirgar titi ce.

A nan na fahimci abin da ya kamata in riƙe tun farko. Kyamara mai waya idonta biyu dare da rana, domin wuta na zuwa mata ba yankewa. Mai batir kuwa da barci take rayuwa. Kusan komai nata a kashe yake, in ban da wani ɗan ido a ƙasan gilashinta da ke jin ɗumin jiki idan ya gilma. Shi ne ke tashinta. Tana tashi za ta kunna gilashi, ta ɗauki hoto, ta tura ta intanet, ta aika sanarwa, sannan ta koma barci. Kowane tashi yana da kuɗinsa a batir. Watannin da aka rubuta a kwali lissafi ne na gidan da kyamara ke tashi 'yan lokuta a rana. Ni kuma da hannuna na fuskantar da ita titi, saboda ina son hoton ya fito da faɗi.

Na sunkuyar da ita har titin ya fita daga idonta, ya rage bakin get da dakali. Na rage mata ƙarfin jin motsi, na gajarta tsawon abin da take ɗauka zuwa daƙiƙa 15. Akwai abin da yake ruɗin mutane a nan: manhaja na ba ka dama ka zana iyakar wurin da kake so a lura da shi, sai ka ɗauka an gama. A yawancin waɗannan kyamarori zanen nan sanarwa kawai yake tacewa. Ta riga ta tashi, ta duba, sannan ta yanke cewa ba sai ta sanar da kai ba, batir kuwa ya tafi. Juya ta da hannu shi ne magani. Kuma ɗan idon nan ya fi ganin mutumin da ya ratsa ta gefe a kan wanda ya nufo shi kai tsaye, don haka na fi son in kafa ta a gefen ƙofa, ba saman tsakiyarta ba.

Abu na biyu da ke hana kyamara barci shi ne neman sabis, kuma shi ya fi yawa a gidajenmu. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyen da sabis ke wahala ya san yadda waya ke shan caji ko ba a taɓa ta ba. Haka kyamara take. An ɗauke wuta, rauta, wato na'urar da ke ba da waifai a gida, ta mutu, ita kuma da yake tana da batirinta sai ta shiga laluben inda za ta haɗu, ta gwada, ta huta, ta sake gwadawa. Mai gida yana buɗe waya ya ga an rubuta ba ta kan layi, sai ya ce kyamara ta lalace. Yanzu duk inda aka kira ni, kafin komai nakan tambayi ƙarfe nawa take ɗaukewa, ƙarfe nawa kuma ake ɗauke wuta ko ake kashe janareta. Sau da yawa lokutan nan biyu ɗaya ne. Rauta ba ta da ci, yawancinsu bolt 12 suke aiki da shi, don haka ɗan ƙaramin batir na musamman da ake jona mata, ko a mayar da ita kan inbata, ya wadatar. Wani gidan ma ba wuta ba ce: 'yar akwatin intanet ta aljihu ce aka haɗa kyamarar da ita, yaron gida ya fita da ita makaranta. Wani gidan data ce ta ƙare. A 2024, lokacin da aka rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba, na ga kyamarori masu amfani da layin waya sun yi shiru, don an manta akwai layi a cikinsu.

Sai gini. Wannan shi ne darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci, domin idon mutum ba ya ganin waifai. Rauta tana falo a bayan talabijin, kyamara tana bakin get, tsakaninsu akwai bangon bulo uku, dekin mai rodi, tankin ruwa, sannan get ɗin kansa na ƙarfe. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne in haɗa kyamara a falo, in ga ta kama, in ɗauka in je in kafe. Yanzu da wayata nake hawa tsani, in auna ƙarfin sabis daidai inda za a ɗaura ta, bayan na sa an rufe get da ƙofofi kamar yadda suke da dare. Idan ma'aunin ya nuna wajen -50 zuwa -60, lafiya lau. Idan ya gangara -70 ko ƙasa, za ta kama yau ta saki gobe, kuma kowane hoto sai ta yi ta maimaita turawa. Matsar da rauta kusa da taga, ko ɗaga ta sama, wani lokacin ya isa. In bai isa ba, sai a ƙara na'urar faɗaɗa sabis a tsakiyar hanya, ita ma a tabbata ba ta mutuwa idan an ɗauke wuta.

Akwai kuma batun zango, wato mitar da waifai ke tafiya a kai. Galibin masu batir zangon 2.4 kawai suke kamawa, shi ne ya fi ratsa bango, alhali sababbin rautoci suna haɗa 2.4 da 5 a ƙarƙashin suna ɗaya. Nakan raba musu suna, in kuma tsayar da na 2.4 a tasha ta 1 ko 6 ko 11, duk wadda maƙwabta ba su cika ba.

Yanayinmu ma yana da nasa kason. A watan Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40, kyamarar da ke rana tsaka kuwa cikinta ya fi haka. Batirin litiyam ba ya son caji sama da digiri 45, kuma da yawa daga cikinsu suna tsayar da cajin da kansu idan suka yi zafi. Wato lokacin da rana ta fi dukan farantin sola da ake jona wa kyamara don caji, lokacin ne batir ke ƙin karɓa. Tun da na gane haka, kyamara a inuwar rufi nake sa ta, faranti shi kaɗai a rana. Da hunturu kuma ƙura ce ke lulluɓe farantin, ɗan abin da bai wuce wat 3 zuwa 5 ba, ga hazo ya rage rana. Da dare fitilar ganin duhu tana jawo ƙwari, gizo-gizo ya bi su ya yi saƙa a gaban gilashi, hoto ya koma fari fat.

Batir na mutuwa, ba na musu, amma yanzu shi nake zargi a ƙarshe. In kuma za a saya, a kula. Ƙwayar batirin nan mai lamba 18650, ta gaske ba ta wuce wajen 3500 mAh ba, wato ma'aunin cajin da take iya riƙewa. Duk wadda aka rubuta mata 9900, ko a tafin hannu ka ɗora za ka ji ba ta da nauyi.

Wanda ya fi wuyar faɗa shi ne na mutanen gida. Hajiya ta buɗe kallon kai tsaye ta jingine waya tana duba dawowar yara daga Islamiyya, rabin sa'a kyamara tana a farke. Ba laifi ta yi ba, abin da aka saya domin shi ke nan a ganinta. Sai dai wannan aikin kyamara mai wayar wuta ne. Nakan ce, "Hajiya, in dai kallo ake so a kowane lokaci, a bar ni in jawo wayar wuta zuwa nan." Haka nake gaya wa masu shago a bakin titi, ko da hakan zai sa su fasa sayen wadda na zo da ita.

A gidan Hotoro, bayan sunkuyar da kyamarar na jona wa rauta ɗan batirinta, na ƙara farantin sola a kan katanga yana kallon kudu. Na ɗaura wa Baba maigadi tsumma a kan doguwar gora, na nuna masa yadda zai goge farantin da gaban gilashin ba tare da ya ture ta ba. Ya ce duk Juma'a kafin ya tafi masallaci zai yi. Bayan wata biyu wani aiki ya kai ni layin, na tsaya muka gaisa. Ya nuna mini gorar a jingine bayan get, ya kira Alhaji, shi kuma ya fito ya miƙo mini wayarsa a buɗe: batir yana kan 91.