Yoyon Fitsari: Agajin da Ake Bukata Kafin Ɗinki da Bayansa

Ranar da na fara shiga ɗakin jinyar mata masu ciwon yoyon fitsari, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda kowace mace take tafiya a hankali riƙe da ƙaramin kwano, bakin robar fitsarin da aka sa mata yana ɗiga a ciki, ga kuma gorar ruwa a ɗaya hannun. Ma'aikaciyar jinya tana bin gadaje tana maimaita magana ɗaya: "Ku ci gaba da shan ruwa, kada robar ta toshe." Wata matashiya da aka yi wa aiki kwana goma kafin nan ta shafa zanin gadonta, ta ɗaga tafin hannunta ta nuna mini, ta ce: "Yaya, duba, a bushe yake." Shekara huɗu ke nan rabon da ta wayi gari a kan busasshiyar shimfiɗa. Tun daga ranar na fara bin diddigin ayyukan ƙungiyoyin agaji a kan wannan ciwo, kuma na fito da ra'ayin cewa tiyatar, duk da girman alherinta, tsakiyar aikin ce kawai.

Asalin ciwon a bayyane yake, kuma ba shi da alaƙa da iska ko sammu ko wani laifi da matar ta aikata. Mafi yawansa doguwar naƙuda ce ke haddasa shi. Idan kan jariri ya kasa wucewa ta ƙashin ƙugun uwa, sai ya danne naman da ke tsakanin hanyar haihuwa da mafitsara, wani lokaci har da na dubura, na tsawon kwana biyu ko uku ko fiye. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ya bar kafar da fitsari ko bayan gida zai riƙa bi dare da rana ba tare da matar ta iya riƙe shi ba. A mafi yawan lokuta jaririn ma ba ya zuwa da rai. Wasu matan kuma jijiyar ƙafarsu takan taɓu, su tashi suna jan ƙafa. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗari, amma uwar 'ya'ya biyar ma tana iya kamuwa idan jariri ya zo a karkace kuma babu likitan da zai ciro shi ta tiyata. Turai da Amurka sun sha fama da wannan ciwo a da, ya kuma kau daga cikinsu ne lokacin da tiyatar haihuwa ta isa ga kowace mace a kan lokaci.

Duk mai maganar agaji a wannan fanni dole ya ambaci Dakta Catherine Hamlin, 'yar Ostiraliya, da mijinta Dakta Reginald, waɗanda suka isa Habasha a 1959 suka kuma buɗe asibitin yoyon fitsari na Addis Ababa a 1974, inda ake yi wa mata aiki kyauta. Catherine ta rasu a can a 2020 tana da shekara 96. Abin da ya fi burge ni a tarihinsu shi ne Mamitu Gashe, wadda ta zo hannunsu tana yarinya mai ɗauke da ciwon, ba ta taɓa shiga aji ba, aka yi mata aiki, ta zauna tana gyaran gadaje, daga nan ta fara taimakawa a ɗakin tiyata, har ta zama gwanar ɗinkin da likitoci daga ƙasashe daban-daban suke zuwa koyo a gabanta. A 2007 gidauniyar da ke kula da asibitin ta buɗe kwalejin koyar da ungozomomi, domin ta gane cewa muddin ana barin mata su kwana uku suna naƙuda a ƙauye, gadajen asibitin ba za su taɓa zama babu kowa ba.

Irin wannan zama na dindindin shi ne abin da Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya yi a Babbar Ruga da ke Katsina. Aikin kuturta ya kawo shi a 1983, ya tarar da mata masu yoyo ba su da mai duba su, ya koma ɗinki, ya yi wa dubban mata aiki, ya kuma horar da ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya. Yau Babbar Ruga tana cikin cibiyoyin gwamnatin tarayyar Najeriya na wannan ciwo, tare da na Abakaliki da na Ningi. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana aiki a asibitin Jahun a Jigawa tun 2008, inda ta haɗa ɗinkin da kula da masu haihuwar gaggawa a wuri ɗaya, sannan akwai cibiyar Danja kusa da Maraɗi a Nijar, wadda aka buɗe a 2012.

A ɓangaren wayar da kai, hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da al'amuran yawan jama'a, ta ƙaddamar da gangamin kawar da ciwon a 2003. A 2005 aka yi wani aikin makonni biyu a Kano da Katsina da Kebbi da Sakkwato, inda mata sama da 500 suka samu tiyata, kuma tun 2013 ake ware ranar 23 ga Mayu ta kowace shekara domin tunawa da masu wannan lalura. Burin da aka sa a gaba shi ne a ga bayansa nan da 2030.

Ina girmama waɗannan gangami, amma ina da damuwa game da salon agajin da yake zuwa na mako guda ya tafi. Ɗinkin farko shi ne damar da ta fi kowace girma: idan kafar ba ta da sarƙaƙiya kuma hannun ƙwararre ne ya taɓa ta, kusan tara cikin goma sukan rufe. Idan kuwa wanda bai ƙware ba ya yi gaggawar ɗinkewa don a cika adadin da aka yi wa masu ba da kuɗi alkawari, ɗinkin ya warware, to tabon da ya bari zai wahalar da duk likitan da zai zo daga baya. Bayan haka matar tana bukatar kimanin makonni biyu da robar fitsari a jikinta, da mai lura da ita dare da rana, da gwajin da ake zuba ruwa mai launi a mafitsara don a tabbatar ba ya ɓullowa. Akwai kuma waɗanda kafar ta rufe amma fitsarin bai daina kufce musu ba, saboda bututun fitsarin ya lalace. Su ne ba a cika ganin hotonsu a rahoton ƙarshen shekara ba, su ne kuma suka fi bukatar wurin da za su koma.

Komawa gida ma wani aiki ne mai zaman kansa. Ana gaya wa matar ta ƙaurace wa shimfiɗar miji na wasu watanni, kada ta yi saurin ɗaukar ciki, kuma haihuwarta ta gaba a asibiti za a yi ta, ta hanyar tiyata. Wannan umarni ba ya aiki idan ita kaɗai ta ji shi, domin sau da yawa ba ita ke yanke hukunci ba. Shi ya sa nake ganin ƙungiyar da take kiran miji ta zaunar da shi, ta yi masa bayani ido da ido, ta fi wadda take buga alluna masu kyau amfani. Haka nan koyar da sana'a da ɗan jarin farawa, domin mace da ta shafe shekaru a keɓe, wani lokaci an sake ta, kasuwancinta ya mutu saboda mutane sun guji abin hannunta, ba za ta koma cikin jama'a da busasshen zani kaɗai ba. A asibitin Hamlin akan ba kowace mace sabuwar riga ranar sallama, kuma na fahimci dalilin hakan bayan na ga yadda mata suke ƙin komawa cikin tsofaffin tufafinsu.

Akwai saƙo biyu da nake fatan kowane shirin rediyo da kowane mai wa'azi da kowace ungozoma za su riƙa maimaitawa har su zauna a kunnen mutane. Na farko, kada rana ta fito ta faɗi a kan mace tana naƙuda ba a kama hanyar asibiti ba, kuma a tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da izini tun cikin yana wata bakwai. Na biyu kuwa mutane ƙalilan ne suka san shi: idan mace ta fara yoyo a kwanakin farko bayan haihuwa mai wuya, a kai ta asibiti nan take a sa mata robar fitsari ta zauna makonni huɗu zuwa shida tana shan ruwa da yawa, domin ƙaramar kafa sabuwa tana iya rufewa da kanta ba tare da an kai ga wuƙa ba. Matashiyar da ta nuna mini tafin hannunta ta ce a makon farko na yoyonta an yi ta ba ta jiƙe-jiƙe, an kuma hana ta shan ruwa don fitsarin ya ragu, alhali akwai asibitin da ke da robar a nisan da bai wuce tafiyar awa ɗaya a mota ba.